Ciwon sukari na goyon ciki: haɗarinsa ga uwa da jariri

Ciwon sukari na goyon ciki shi ne hauhawar sukarin jini da ake fara ganowa lokacin da mace take da ciki. Galibi ba ya nuna alama, sai awo. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, akan shayar da mace gram 75 na gulukos, yawanci tsakanin mako na 24 da na 28. Idan sukarin ya kai gram 0,92 a lita kafin sha, ko 1,80 bayan awa ɗaya, ko 1,53 bayan awa biyu, ciwon ya tabbata.

Tushen haɗarin guda ne. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Dole jikin ɗan tayin ya ƙara yin nasa insulin, wanda ke mai da rarar sukarin kitse. Likita Pedersen na ƙasar Danmak ya bayyana wannan tun shekarun 1950, binciken HAPO na 2008 kuma ya nuna haɗarin na ƙaruwa gwargwadon hawan sukarin.

Daga nan ne ake samun jaririn da ya wuce kilo 4. A gidajenmu akan yi murna da ƙaton jariri, a ce uwa ta ci ta ƙoshi. A ganinmu wannan murna tana bukatar gyara. Kai yakan fito kafaɗa ta maƙale, jijiyar hannu ta lalace ko ƙashin wuya ya karye. Ga macen ƙauye mai nisa da asibiti, doguwar naƙuda na iya kaiwa ga yoyon fitsari ko mutuwar ɗa. Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, amma dokar ba ta rage tsawon hanya ba.

Da an yanke cibiya sukarin uwa ya katse, insulin ɗin jariri kuwa yana nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi. Shi ya sa ake gaggauta ba shi nono. Akan kuma ga shawara da wahalar numfashi.

Ita uwa tana fuskantar hawan jini da jijjiga. Sukarin yakan sauka bayan haihuwa, sai dai nazarin 2009 a mujallar Lancet ya nuna haɗarin ciwon sukari nau'i na 2 ya ninka kusan sau 7 gare ta. Don haka a sake yi mata awo mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, da kuma kafin wani cikin.