Gashin ƙashi ta wayar salula: masu ciwo sun faɗi abin da suka fi so

Ranar 8 ga watan Satumba ta kowace shekara ce duniya ta keɓe ma masu aikin gashin ƙashi, waɗanda a gidan likita ake kira kine. Albarkacin wannan rana muka buɗe layi cikin shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, muka aza ma masu saurare tambaya guda: in aka ba ku zaɓi, ku tafi likita kine ya duba ku ido da ido, ko ku zauna gida ya riƙa bin ku ta wayar salula, yana ganinku kuna ganinsa, wanne za ku ɗauka? Mun zaci mutane ƙalilan za su kira. Sai ga shi har shirin ya ƙare waya ba ta huta ba, kuma akasarin masu kiran ƴan kasuwa ne, mata sun fi yawa.

Ba abin mamaki ba ne. Wadda ta wuni bisa ƴar kujera gaban tumatir da tattasai tun hantsi har magariba, da wanda ya shekara ashirin yana sauke buhunan gero da wake a kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, sun san ciwon baya da ciwon gwiwa fiye da kowa. Ga kuma tansiyo, wato hawan jini, da ke kayar da mutum rana tsaka ya tashi da shanyewar ɓarin jiki. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 2 da miliyan 400, kusan mutum guda cikin uku a duniya, suna da wata larura da irin wannan kulawa za ta amfana.

Hannu ne magani?

Amsar farko da muka samu kusan baki ɗaya ce: likita. Wata Hajiya mai saida atamfa ta ce mana ita in ba a taɓa wurin ciwon ba, to ba ta ɗauka an yi mata komi ba. Wani dattijo mai awon hatsi ya ce shi abin da ke kai shi can shi ne fitilar nan mai zafi da ake haska masa a baya, da na'urar da ke ɗan jan nama, to waya za ta haska masa fitila? Wata kuma ta ce zaman jira ma yana da nasa amfani, domin a nan take ganin waɗanda suka fi ta jin jiki sun fara takawa, sai ta samu ƙwarin gwiwa.

Mun fahimce su. Kalmar kanta, gashi, ta riga ta shuka mana wannan tunani: zafi da tausa da hannun gwani. Haka muka tashi muka ga maɗori yana yi, haka ungozoma ke yi ma mai jego. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Ostireliya, lokacin annobar korona ta 2020, dole ta sa aka maida wannan aiki ta bidiyo. Masu bincike suka tambayi marasa lafiya wajen 400 da aka duba ta wannan hanya. Mafi yawansu sun ce sun gamsu, amma da aka ce ko za su sake zaɓen bidiyo nan gaba don ganawa da kine su kaɗai, kashi 47 cikin 100 ne suka nuna za su yi. Cikin abubuwan da aka koka da su akwai rashin taɓawa. Ashe Bature ma hannu yake so.

To sai muka juya tambayar. Muka ce, cikin ku da aka rubuta ma zuwa gashi, su wa suka je har ƙarshe? Nan fa murya ta sauya.

Wata baiwar Allah mai saida kayan miya, daga wani gari bisa hanyar Dakwaro, ta ba mu labarinta. An ce ta zo sau goma saboda gwiwa, ta je sau uku ta bari. Ba kuɗin gashin ne suka kore ta ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kabu-kabu daga tasha zuwa likita, ga ɗiyarta da ke raka ta ita ma sai an biya mata, ga abinci, sannan ranar gaba ɗaya babu ciniki, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Ta ce da ta haɗa lissafi sai ta ga zuwa uku ya ci kusan rabin jarinta. Ta koma shan ƙwayoyin kashe zafi na masu talla, har suka fara ƙona mata ciki.

Dakwaro ta fi kilomita 100 daga Maraɗi. Haka Tasawa, haka Tanut daga Damagaram. Kine ɗin da ƙasarmu ke da su ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane da ƴan wurare irin su likitar Galmi. Saboda haka ga mutane da dama zaɓin da muka aza a rediyo bai ma taso ba. Abin da ke gabansu shi ne, ko a bi su ta waya, ko su haƙura da gashin ɗungurungum.

Abin da bincike ya nuna

A 2015 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a yankin Kebek na ƙasar Kanada, kan mutane 205 da aka yi ma aikin sauya gwiwa. Wani kashi kine ya riƙa zuwa gidajensu, wani kashi ya riƙa ganawa da su ta bidiyo. Da aka auna, na bidiyo ba su kasa ba. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwajin na Ostireliya kan mutane 394 masu daɗaɗɗen ciwon gwiwa. Kowa ya gana da kine sau 5 cikin wata 3, wasu ido da ido, wasu ta bidiyo, kuma saukin ciwo da iya tafiya suka zo daidai wa daida. A Amurka ma, a 2019, an gwada da mutane 124 da shanyewar ɓarin jiki ta raunana ma hannu, sakamakon ya zo kusan haka.

Mun san abin da wani zai ce: can ƙasashen intanet ba ya yankewa, kuran ba ya ɗaukewa. Gaskiya ne, kuma an ma zaɓi waɗanda za su shiga gwajin, ba kowane marar lafiya aka ɗauka ba. Amma an gwada kusa da mu. A Najeriya, masu bincike sun kwatanta masu ciwon baya da ke zuwa asibiti da waɗanda ke bin motsa jikin daga wayarsu a gida tsawon mako 8, suka ga duka sun samu sauƙi. A Kumasi ta ƙasar Gana an yi wani ƙaramin gwaji da masu shanyewar ɓarin jiki, aka ga abin mai yiwuwa ne. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, ba mu ce sun rufe magana ba.

Me ya sa sakamakon ke zuwa haka? Dalilin yana da sauƙi, ko da yake ba ya yi ma kowa daɗin ji. A ciwon gwiwa na tsufa da yawancin ciwon baya, abin da ya fi aiki shi ne motsa jikin da mai ciwon ke yi da kansa, kullum. Fitila da tausa suna kwantar da zafi na ɗan lokaci. Ƙarfafa naman cinya shi ke ɗauke ma gwiwa nauyi: a zauna bisa kujera a miƙe ƙafa a riƙe ta na ɗan lokaci a sauke, a tashi tsaye a koma zaune ba tare da dafa komi ba, ana ƙara yawa sannu a hankali. Aikin kine shi ne ya gano irin ciwon, ya zaɓi motsin da ya dace, ya gyara in ana yi ba daidai ba, ya ƙara ko ya rage. Kashi mai yawa na wannan da ido da baki ake yin sa. Wanda ke zuwa likita sau biyu a mako amma ba ya motsa komi a gida, sauran kwana biyar ɗin sun tafi a banza.

Inda waya ba ta isa ba

Duk da haka mu a ganinmu, zuwan farko ba a yin sa ta waya. Sai an taɓa ake sanin ko gaɓa ta yi zafi, ko akwai ruwa a gwiwa, ko ƙarfin ƙafa ya ragu, ko kuma ciwon bayan nan ba na gajiya ba ne, tarin fuka ne ya shiga ƙashi, wanda magani daban yake so.

Akwai kuma larurorin da hannu ne kawai. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, sai an riƙa miƙe ta ana ɗaura filasta mako-mako. Likitar yara ta CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 tana wannan aiki. Wanda ya ƙone fata ta tattare, da wanda gaɓarsa ta sandare bayan karaya, su ma sai da hannu. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, watanni uku na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa, bai kamata a ɓata su ana jira ba, kuma wajibi ne a koya ma masu jinya yadda ake juya shi da tayar da shi. Mun sha ganin ana jan marar lafiya ta hannun da ya shanye don a zaunar da shi. A daina, domin kafaɗar ba ta da abin riƙe ta, tana iya gocewa.

Ga alamun da in an gan su, a aje waya a nemi mota: ciwon baya tare da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ƙafa da ke ƙara rauni kullum, ƙwauri da ya kumbura ya yi zafi bayan aiki ko doguwar kwanciya, baki da ya karkace farat ɗaya ko magana ta sarƙe, yatsu da suka yi sanyi ko baƙi bayan ɗori.

Maganar iyayenmu mata

A nan ra'ayi ya rabu biyu, kuma nan ne muka fi jin daɗin shirin. Wasu mata sun ce waya ta fi masu, domin ba sai sun nemi izinin fita sau goma ba, ba sai namiji ya taɓa jikinsu ba, kuma suna iya yin motsin bayan sallar asuba kafin su fita kasuwa. Wasu suka ce sam, ba za su buɗe gwiwa ko baya gaban waya ba, ba su san inda hoton zai ƙare ba. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga yadda hotunan mutane ke yawo a WhatsApp. Ga kuma wadda babbar wayar ba tata ba ce, ta maigida ce ko ta ɗanta, sai sun dawo gida da dare. Ga kuɗin mega, ga rezo da ke zuwa yana tafiya.

Sai dai bi ta waya ba lalle sai da bidiyo kai tsaye ba. Wani mai saida takalma ya ce kine ɗinsa ya ɗauki hoton motsin da wayar shi mai takalman, ranar zuwan farko, yana yi ana gyara masa. A gida sai ya kunna ya bi, babu kuɗin mega. Duk mako ya aika saƙon murya ya faɗi inda ke ciwo, kine ya amsa in ya samu sarari, bayan wata guda ya koma a duba shi. Mai ƙaramar waya ma tana iya karɓo takarda mai zanen motsin, a riƙa kira ana tambaya.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne bin bidiyon da ake turawa barkatai a TikTok da Facebook, wai motsi guda mai warkar da kowane ciwon baya cikin kwana uku. Wanda ya yi bidiyon bai san ku ba, bai ga hoton ƙashinku ba. Motsin da ke ma wani magani yana iya tsananta ma wani.

Don haka wanda aka rubuta ma gashi kuma ya san ba zai iya zuwa sau goma ba, ya faɗa ma kine tun ranar farko, kada kunya ta sa ya ce to sannan ya ɓace. Ya tambaya wane motsi zai yi a gida, sau nawa a rana, wane irin ciwo ne ba komi, wane ne ke nufin a tsaya, da kuma ko an yarda a kira waya, a wace rana, da nawa za a biya, domin lokacin kine ma aiki ne. In da hali a haɗa randebu da ranar da aka saba shigowa birni sarin kaya. A zo da wanda zai riƙa taimakawa a gida, ya gani da idonsa.

Mai kayan miyar nan ta hanyar Dakwaro ta sake kiran mu bayan shirin. Ta ce ranar da za ta shigo Maraɗi sarin albasa za ta biya likita da ɗiyarta, mai babbar waya, su tambaya ko za a yarda da wannan tsari.