Koyon Ɗaukar Hoto a Bakin Gulbin Rima

Ɗaukar hoto sana'a ce ta sarrafa haske, kuma karatu kaɗai ba ya koyar da ita, sai an yi ta gwadawa. Tun kafin Daguerre ya bayyana dabararsa a Faransa cikin 1839, Ibnul Haisam ya nuna yadda haske ke ratsa 'yar kafa ya zana sura a ɗaki mai duhu. Kyamarar yau, har ta wayar hannu, bisa wannan tushe take.

To, ɗalibin sakandare na Augie yana da makaranta a ƙofar gida, watau gulbin Rima. Can zai gane cewa ƙyallin ruwa yakan yaudari kyamara ta rage haske, fuskar masunci ta yi duhu. Maganinsa ya ba rana baya, ko ya ƙara buɗe kafar. Ranar bikin Argungu kuwa, idan masunta suka auka Matan Fada, sai ƙiftawar kamar 1/500 na daƙiƙa, in ba haka ba homa da gora su dusashe.

An soma bikin nan a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ya kamata 'ya'yan Kabi su adana surarsa da kansu, domin hoton da baƙo ya ɗauka, da shi yake tafiya.