Girma: Kalmar da Ta Haɗa Jiki da Daraja

Kalmar "girma" tana ɗauke da ma'ana biyu a lokaci guda, domin da ita Bahaushe yake auna faɗin abu da tsawonsa, da ita kuma yake auna matsayin mutum a idon jama'a. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki ko aukuwa, kamar a ce yaro ya girma ko Audu ya girmi Bala. Sifar da ke tafiya da ita ita ce "babba", wadda jam'inta "manya" ne, kuma ita ma ta fi karkata ga daraja: Babbar Sallah, wadda ake yi ranar 10 ga Zulhijja, ba ta fi Ƙaramar Sallah tsawon yini ba, haka nan ba don tsayin gininsa ake cewa Babban Bankin Najeriya ba. Gwamna ake kira Mai Girma, sarki kuwa Mai Martaba, Sarkin Musulmi kuma Mai Alfarma.

Idan girman jiki kaɗai ake nufi, Hausa tana da rumbu guda na kalmomi, har ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 ya jera sama da 300 a ƙarƙashin kalmar "ƙato". Kowace tana da irin abin da take siffantawa, shi ya sa ake cewa makekiyar gona saboda faɗinta, zungureriyar sanda saboda tsawonta, firɗeɗen doki saboda cikar ƙirarsa, jam'insu kuma yakan zo da maimaici, kamar maka-makan gidaje da firɗa-firɗan dawakai. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ke ba mutum mutunci, hasali ma wanda aka kira "wani ƙato" an rage masa daraja ne, kuma bafaden da ya kuskura ya ce "ƙaton sarki" a maimakon "babban sarki" ya jawo wa kansa fushin fada.

Girman daraja jama'a ne ke ba da shi, ta hanyar girmamawa, irin su cire takalmi da durƙusawa gaban dattijo, don haka wanda ya ɗora wa kansa shi sai a ce yana da girman kai, dattijon da ya yi abin kunya kuma a ce girma ya faɗi.