Kayan ɗaki: da tsohuwar zuma ake magani

Damargu ƙasar hatsi ce. Amma kowace shekara, da kaka ta yi, magidanta da yawa na Tanut da Balbeji suna sayar da gero da araha don su yi wa ƴaƴansu kayan ɗaki. Gado da katifa da kabad daga Damagaram ake ɗauko su, tafiyar wajen kilomita 150. Ga kuɗin kaya, ga kuɗin mota. In damina ta kama, rumbu ya ƙare. Sai mutum ya koma sayen geron da ya sayar, da tsada, wani lokaci ma da bashi.

Alhali kuwa a bayan ɗaki akwai tsofaffin kaya da aka yar. Yawancinsu gyara kawai suke so.

Gadon ƙarfe

Gadon ƙarfe ba ya mutuwa da wuri. Abokan gabansa biyu ne: tsatsa da ƙazunzumi. A fitar da gadon waje, a kwance shi. A zuba tafasasshen ruwa a kowane lungu, don a can ƙazunzumi yake ɓuya, yana yin ƙwai. A bar shi cikin rana ya bushe sarai. Sa'an nan a goge tsatsa da burushin ƙarfe, ko da yashi da tsumma. In ƙafa ta karye, a kai wa mai walda. Daga ƙarshe a shafa fenti sau biyu. Kada a shafa na biyu sai na fari ya bushe.

A yi wannan aiki nesa da yara. Wani tsohon fenti yana da dalma a ciki, ƙurarsa guba ce.

Kujera da tebur da akwati

Kujerar ƙarfe wadda zarenta ya tsinke, a sayi igiyar roba a sake saƙa ta. Ƙofar katako da ta tsufa, kafinta yana iya mai da ita tebur ko benci. Guntun allo, in an kafa shi a bango, ya zama wurin jera kwanuka. A ɗora ƙafafun kayan katako bisa dutse, kada su taɓa ƙasa, saboda gara. Akwatin ƙarfe kuwa, a yi masa fenti, a sa busasshen ganyen dogon yaro a ciki don ƙwari.

Katako yana da tsada a Damargu, domin itace ya yi ƙaranci tun farin 1973 da na 1984. Tun 1975 ake shuka itatuwa a Nijar ran 3 ga watan Agusta. Wanda ya gyara tsohon katako, ya taimaki wannan aiki.

Jere da adon ɗaki

Kyan jere tsabta da tsari. Tsofaffin kwanuka na gado, a wanke su da toka, a jera manya a ƙasa, ƙanana a sama. Wanda ya huje ya daina zuba abinci, amma yana yin ado. Ƙwarya in ta fashe, gyartai ya ɗinke ta. Fulani da Buzaye sun daɗe da sanin darajar ƙwarya a wajen ado. Guntayen atamfa na wajen tela, a harhaɗa su a yi labule, ko rigar matashi, ko zanen gado. Tabarmar kaba da bakinta ya zaizaye, a datse, a yi mata baki da ƙyalle. Tsofaffin buhuna, a warware su a tufka igiya.

Abin da ba a sakewa

Akwai kaya iri uku da ba su shiga ɗaki ko kaɗan:

1. Tano ko bido ko gwangwani da aka zuba maganin fara ko na ƙwarin gona. Wanki ba ya fitar da gubar. Kada a sa ruwa, ko nono, ko hatsi a ciki. A mai da su wurin malaman gona.
2. Tsohon batirin mota ko na sola. Kada a fasa shi a gida. Dalmarsa tana lalata ƙwaƙwalwar yara.
3. Katifar da ƙazunzumi ya cika. Ita kam sai a rabu da ita.

Lissafi kafin ciniki

Kafin a buɗe rumbu, mai gida da uwar gida su zauna. Su ɗauki takarda su ja layi a tsakiya. A dama su rubuta kuɗin sabon abu, da kuɗin mota. A hagu su rubuta kuɗin fenti, da igiya, da ladan mai gyara. Su cire ƙarami daga babba. Abin da ya rage, su duba tiya nawa ta gero zai saya. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci, wannan lissafi ba ya gagararsa.

Gyara ba abin kunya ba ne. Kuɗin gyara a hannun maƙeri da kafinta da tela na gari yake tsayawa. Amarya ta samu ɗaki mai kyau, gero kuma ya kai iyali har sabuwar kaka.