Baƙon Da Ya Zo Koyarwa: Aikin Sa Kai A Ƙasashen Waje Da Abin Da Mai Yinsa Ke Koyowa

Barin gida don neman ilmi, ko fatauci, ko sauke farali, tsohon abu ne. Amma a ce saurayi ya tafi wata ƙasa ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki ba don albashi ba, a ƙarƙashin ƙungiya mai tsari, wannan bai yaɗu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyoyi biyu suka fi shahara a Afirka ta Yamma, watau VSO ta Ingila da Peace Corps ta Amurka.

Alec Dickson da matarsa Mora su suka kafa VSO a 1958. Kafin nan, a farkon shekarun 1950, Dickson ya riƙe wata makarantar horo a Man O' War Bay, bakin teku kusa da Victoria, garin da ake kira Limbe yanzu a ƙasar Kamaru. Can ake tara samari 'yan boko daga Nijeriya da Kamaru, a sa su hawan dutse da iyo da aikin gayya a ƙauyuka. Ra'ayinsa shi ne wahalar hidima tana gyara mai yinta, don haka waɗanda VSO ta fara aikawa yara ne da ba su daɗe da fita makarantar sakandare ba. Da ƙasashen da ake zuwa suka nuna sun fi bukatar ƙwararru, sai ƙungiyar ta juya ga masu digiri da masu sana'a. Dickson ya rabu da ita, a 1962 ya kafa wata mai aiki a cikin Ingila kanta. Tun daga tushe ke nan akwai gardama: don wa ake tafiyar, don mai zuwa ko don wanda aka je wa?

Peace Corps kuwa Shugaba Kennedy ya kafa ta ran 1 ga Maris, 1961. Dokarta ta ambaci manufa uku: a ba ƙasashe ma'aikata masu horo, a sa mutanen waje su san Amurkawa, a kuma sa Amurkawa su san mutanen waje. Mai karatu ya lura, biyu daga cikin ukun ba su shafi aikin hannu ba, sanin juna ne. Ayarin farko, malamai kimanin 50, ya sauka Ghana a ƙarshen Agusta na shekarar nan.

Na Nijeriya ba su fara da sa'a ba. A watan Oktoba, suna tsakiyar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta kati, irin wanda ake aikawa ba ambulan, ta kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a titi. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi taron nuna fushi, jaridun duniya suka ɗauka. Ita dai ta koma gida. Abin da ya ƙona wa ɗaliban rai ba wuyar ganewa: ƙasarsu shekara ɗaya tak da samun mulkin kai, ga baƙuwa 'yar kwana kaɗan tana ba da labarinta kamar ta gama saninta. Ba lalle ne ta yi ƙarya ba. Kuskurenta shi ne ta ga waje ta ɗauka ta ga ciki, ga shi ba ta jin harshen da za ta tambaya da shi.

A nan ne al'amarin ya shafi masu nazarin Hausa. Baƙon da ke koyar da lissafi da Turanci, ya fito aji ya shige gidansa na cikin makaranta, zai iya cika shekara biyu bai taɓa zama a zauren kowa ba. Wanda ya ɗauki koyon harshe kuwa, tilas ya koma ƙaramin yaro. Sai ya koyi cewa ba a faɗa wa mutum bukata kafin a gama gaisuwa. Sai an yi masa dariya kafin kunnensa ya rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, tun da rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Malaminsa a nan ɗalibinsa ne, ko kuku, ko mai gadi, waɗanda ya zo da niyyar taimaka musu.

Waɗansu wannan karatu ya zame musu aikin rayuwa. Paul Newman yana cikin ayarin 1961, ya koyar a Maiduguri. Daga baya ya riƙe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, shi da Roxana Ma Newman suka shirya ƙamusun Hausa zuwa Turanci na 1977, a shekarar 2000 kuma ya fid da babban littafinsa na nahawun Hausa. Russell Schuh ya yi nasa aikin a Nijar daga 1965 zuwa 1967, yana yaƙi da jahilci a yankin Agadas, sa'an nan ya shekara da yawa yana koyar da Hausa a Los Angeles, yana bincike kan Ngizim da Bade da Miya, har ya rasu a 2016. Ko shakka babu, abin da suka ɗauka ya fi abin da suka kawo a cikin shekara biyun nan, ko da yake sun biya bashin daga baya.

Ba kowa ya biya ba. Shi ya sa a 1968, Ivan Illich ya shawarci ɗaliban Amurka masu zuwa aikin sa kai su zo kallo da karatu, su bar da'awar taimako. Maganarsa ta yi tsauri, domin makarantun da ba su da isassun malaman kimiyya a farkon mulkin kai sun amfana ƙwarai. Sai dai amfanin yana bin ƙafar baƙon: ranar da ya ɗaure kaya, ajin ya koma jira. Peace Corps ta rufe aikinta a Nijeriya a 1976, ta komo a 1992, ta sake fita a 1995. A Nijar ta zauna tun 1962, ta janye a 2011 saboda rashin tsaro.

Nijeriya ita ma ta shiga sahun masu aikawa. A 1987 ta kafa shirin Technical Aid Corps, wanda ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Pasifik. Malamin da ya tashi daga Kano ko Katsina aka kai shi Kampala, zai tarar yaran da yake koya wa da Turanci suna tashi daga aji su koma Luganda, shi kuwa ko gaisuwa bai iya da ita ba.