Madubin hangen nesa mai maganin rawar hannu

Duk wanda ya taɓa ɗora madubin hangen nesa a ido ya san matsalar: abin da ake kallo ba ya tsayawa wuri guda. Dalili kuwa, hannun ɗan Adam yana ɗan karkarwa wajen sau 10 a kowace daƙiƙa, ko da mutum lafiyarsa lau. Madubin da ke kusanto da abu ninki 12 yana ƙara girman wannan rawar ninki 12. Hannu ya goce da digiri 1 kacal, ido ya kauce da mita 17 daga abin da ke nisan kilomita guda. Shi ya sa matuƙan jirgin ruwa suka daɗe suna tsayawa ga mai ninki 7.

A shekarar 1990 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da samfurin 20x60 S. A cikinsa an rataye gilasan da ke juya haske bisa wani maɗauri mai lanƙwasa, ta yadda ko gangar jikin madubin ta motsa, su ba su bin ta nan take. Ba ya buƙatar pil.

A 1995 kamfanin Canon na Japon ya bi wata hanya. Ya sanya na'urori 2 masu jin motsi, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Suna kai labari ga wata ƴar ƙwaƙwalwar lantarki, ita kuma ta karkata wasu faifan gilashi 2 da aka ɗura ruwa na musamman tsakaninsu. Karkatar tana lanƙwasa haske kishiyar motsin hannu, sai hoto ya tsaya cak. Kamfanin Fujifilm kuwa, a samfurinsa 14x40, ƙananan injuna ke juya gilasan, har suna gyara gocewar digiri 5, abin da ya dace da kwalekwale ko mota mai tafiya.

Ga ma'aikacin gandun daji mai ƙidayar raƙuman dawa a Kure, wannan shi ne bambanci tsakanin ganin dabba da gane ta. Amma ɗan kasuwa ya yi lissafi kafin ya yi oda: irin wannan madubi ya fi na gargajiya nauyi da tsada, kuma pil na ƙarewa, rawa ta dawo. Wanda ninki 7 ko 8 ya ishe shi, kuɗinsa ya huta.