Taron Nikiya: Abin da Sarki Kustantin Ya Yi da Abin da Aka Jingina Masa

Duk inda muhawarar addini ta yi zafi, a majalisar shayi ko a WhatsApp, sai wani ya ce ai Sarkin Rum Kustantin ne ya tara malaman Kirista a Nikiya a 325, ya zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki, ya ƙone sauran. Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari har ta ɓace.

Taron dai an yi shi. Nikiya ita ce garin Iznik na Turkiyya a yau, kuma Kustantin ne ya kira shi, ya ɗauki nauyin bishop-bishop kusan 300. Abin da ya tara su rigima ce da ta taso daga Iskandariya ta Masar, inda wani limamin coci mai suna Ariyus yake koyar da cewa Ɗa, wato Yesu, halitta ne mafi ɗaukaka, amma yana da farko, bai zama daidai da Allah Uba ba. Taron ya ƙi wannan koyarwa. Bishop biyu kawai, dukansu daga Libiya, suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus. Ƙona littattafai ma ya faru, sai dai rubuce-rubucen Ariyus ne sarki ya ce a ƙone, ba Linjila ba.

Batun zaɓen littattafai kuwa ba ya cikin abin da taron ya bari. Dokoki 20 da ya zartar suna nan, da bayanin bangaskiya, da maganar lokacin bikin Ista, babu inda aka jera littattafai. Tun wajen 180 Bishop Iraniyus na Faransa ta yau ya ambaci Linjila huɗu da sunayensu, kuma a Masar an tono kwafe-kwafen Linjilar Yohanna da wasiƙun Bulus da suka girmi Kustantin. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda yake yanzu ya fara bayyana ne a wasiƙar Bishop Atanasiyus na Iskandariya ta 367, shekara 30 bayan rasuwar sarkin. Labarin da ake yi cewa an jibge littattafai a kan bagade, na gaskiya suka tsaya, ya fito ne daga wani rubutu na ƙarni na 9. Ƙagaggen labarin marubuci Dan Brown na 2003 ya ƙara hura wutar zancen.

Abin ya dame ni, domin mutane masu son gaskiya ne suke maimaita wannan zance da zuciya ɗaya, har ya ɓata tsakanin maƙwabta.

Haka kuma ba Kustantin ya mai da Kiristanci addinin daula ba. A 313 shi da abokin mulkinsa Lisiniyus sun ba kowa 'yancin yin addininsa. Sarki Tiyodosiyus ne ya kafa Kiristanci addinin daula a 380. Hutun Lahadi kuwa Kustantin ya sa doka a kansa a 321, gaskiya ne, amma marubucin Kirista Jastin ya riga ya bayyana taron Kiristoci na ranar Lahadi tun wajen 150.

Inda masu sukar Kustantin suke da hujja shi ne shigar da ya yi cikin harkar coci da ƙarfin mulki. Zaman lafiyar daularsa ya fi damunsa, shi ya sa daga baya ya sassauta wa mutanen Ariyus, ya kori abokin adawarsu Atanasiyus a 335. Wanda ya yi masa baftisma a gadon mutuwa a 337, Yusibiyus na Nikomidiya, tsohon mai goyon bayan Ariyus ne.